Yadda ake ciyar da ɗoɗɗoya ta ganye da ta saiwa: takin feshi da maikoraiza

Jama'a duk wanda ya taɓa shuka ɗoɗɗoya a gida, wasu su ce daidoya, ya san fitowarta ba ta da wahala, ka watsa iri a ƙasa mai laima kafin kwana goma zaka ga ta ɓullo. Inda matsalar take shine bayan tsinka na biyu ko na uku, ganyen ya fara ƙanƙancewa, ya koɗe, ƙamshin ya ja baya, sai mutum ya ce ai yunwa take ji ya ɗebo NPK ya zuba mata a gindi. Ni ma haka nake yi da, a buhunan siminti goma sha biyu da na jera a bayan gida, ganye ya kan dawo kore shar amma in ka murza shi a hannu ka shinshina sai kaji kamar ciyawa, ga ƙananan ƙwari sun cika ƙarƙashinsa. Abin da ya gyara min lamarin abu biyu ne, na kula da abin da ke rayuwa a saiwa, wato maikoraiza, sannan na koma ba ta ɗan abinci kaɗan ta ganye. Su zan yi bayani a kai, kuma na fara da na saiwa domin shine tushe, feshi ƙari ne kawai.

Kafin nan, ɗoɗɗoya ba iri ɗaya bace. Akwai mai ƙaramin jiki da ganye mai laushi wadda masana ke kira Ocimum basilicum, ita ce Larabawa ke ce wa raihan, mutanen Italiya kuma suke dakawa a miyar taliya. Akwai kuma babbar, Ocimum gratissimum, mai yin itace ta kai kafaɗar mutum, Yarbawa su ce efirin, ita aka fi sa wa a farfesu. Abin da zan faɗa ya shafi dukkansu, sai dai ƙaramar tafi saurin ƙonewa in aka yi kuskuren feshi, don haka duk awon da zan bayar da ita na auna.

Menene maikoraiza ɗin nan

Wani nau'in naman gwari ne da ke zaune a ƙasa, ido ba ya ganinsa. Ba irin fumfunar da ke ɓata burodi bace, ba kuma cuta bane, abokin zama ne. Wani masanin tsirrai ɗan Jamus, Albert Bernhard Frank, shi ya sa masa wannan suna a 1885, ma'anarsa a Girkanci naman gwari da saiwa. Yadda yake aiki, ya kan shiga cikin saiwar shuka ya yi rassa ƙanana a ciki, sannan ya fitar da zaruruwa sirara sosai zuwa cikin ƙasa, sun fi gashin saiwar kanta sirantaka nesa ba kusa ba, suna kutsawa ramukan da saiwa ba zata iya shiga ba. Shuka ta ba shi sukari da mai daga abincin da ganye ya haɗa da hasken rana, shi kuma ya kawo mata sinadaran ƙasa. Ciniki ne, ba ni gishiri in ba ka manda. Mafi yawan tsirran doron ƙasa suna wannan ciniki, dawa, masara, wake, albasa, tumatir, har da ɗoɗɗoya.

Babban abin da yake kawowa shine fosforas, wato harafin P ɗin nan na tsakiyar NPK. Fosforas ba ya tafiya a ƙasa kamar yadda naitirojin ke bin ruwa, inda yake nan yake maƙale, saiwa ta tsotse na kusa da ita, milimita ɗaya ko biyu, shikenan ta zauna a tsakiyar wurin da ta riga ta cinye. Zaruruwan maikoraiza su ke wuce wannan iyakar su tafi santimita da yawa su ɗebo. Kuma kowa ya san ƙasar jigawa irin tamu ta arewa talaka ce a fosforas, shi yasa abin yake da amfani a wajenmu fiye da inda ƙasa ke da ƙarfi. Yana taimakawa wajen sinadaran zinki da kofa (jan ƙarfe) ma, kuma shukar da ke da shi tafi jure ƙishi, wanda duk mai ban ruwa a watan Afrilu ya san darajar wannan.

Akwai maganar ƙamshi kuma, ita tafi jan hankalina. Ƙamshin ɗoɗɗoya yana cikin wasu ƙananan ƙulle-ƙulle ne a fatar ganye, kamar 'yan jakunkuna cike da mai, shi yasa sai ka murza kake jin shi sosai, ka fasa su kenan. Wani bincike da aka yi a Italiya aka fitar a 2006 akan ɗoɗɗoyar Jenoba, wani birni a can, ya nuna sa maikoraiza na iya ƙara yawan waɗannan jakunkuna ya kuma canza man da ke ciki, amma ba kowane nau'in naman gwarin ne ya yi aiki iri ɗaya ba. Wannan na ƙarshen a riƙe shi da kyau, don masu talla ba sa faɗarsa.

Inda zaka samo shi

Hanya biyu ce, ka saya ko ka haɗa da kanka. Na sayarwa gari ne ko tsaki-tsaki a leda. In zaka saya ka duba jikin ledar ko akwai sunan Rhizophagus irregularis, tsohon sunansa Glomus intraradices, ko Funneliformis mosseae wanda a da ake ce wa Glomus mosseae. Waɗannan su ke shiga saiwar kayan lambu. Akwai wani rukuni daban da ake yi don manyan itatuwa irin su fain, wannan ko buhu ka zuba wa ɗoɗɗoya ba abin da zai yi mata. Ka duba ranar lalacewa, ka kuma duba inda aka ajiye shi, domin abu ne mai rai, ledar da ta sha ranar shago wata da watanni akwai yiwuwar abin ciki ya mutu. Ni na taɓa saya a wani shago, leda mai kyau da hoton saiwa, na sa wa rabin buhuna na bar rabi, wata biyu ban ga bambancin komai ba, kuma abin ya min ciwo don kuɗin ba kaɗan bane. Daga baya na gane ba ni kaɗai bane, masu bincike a ƙasashe daban-daban sun gwada irin waɗannan kaya na kasuwa sun tarar da yawansu babu mai rai a ciki.

Shi yasa ni na fi son na gida, kuma ba wuya, haƙuri kawai yake so, wata uku. Ka je inda ba a taɓa ƙasar ba shekara da shekaru, gindin shinge, ko saura da aka daɗe ba a noma ba, inda gamba ko sabara ko kalgo suka zauna, ka share busasshen ganyen sama ka haƙo ƙasar da ke tsakanin saiwoyi, zurfin kamar taƙi ɗaya, tare da ƙananan saiwoyin da ke ciki. Ka ɗebo daga wuri uku ko huɗu ka gauraya, kar ka tsaya wuri ɗaya. Kar ka ɗebo a gonar da wuta-wuta ta kama, kar ka ɗebo inda tumatir ko tattasai suka taɓa yanƙwanewa suka mutu, in kuma ka ga saiwa mai ƙulu-ƙulu kamar carbi a ciyawar wurin to bar shi, tsutsar saiwa ce, kuma tana son ɗoɗɗoya sosai, kar ka kai ta gida da hannunka.

Ka haɗa ƙasar da yashi mai tsafta, rabi da rabi, ka cika buhu ko tsohon baho mai huda a ƙasa. Ka shuka dawa ko masara a ciki da yawa, cunkus, ka haɗa da ɗan wake ko albasa. Ba amfanin gona kake nema ba, saiwa kake nema, so kake buhun ya cika da ita. Ka dinga ban ruwa kamar kullum amma kar ka sa takin zamani ko ƙwaya ɗaya, ko da ka ga dawar ta yi ja-ja tana nuna yunwa, wannan yunwar ita ke sa ta buɗe wa naman gwarin ƙofa. Bayan wata uku ka daina ban ruwa kwata-kwata kamar kwana goma zuwa sati biyu, shukar ta bushe a tsaye, lokacin ne naman gwarin zai zuba irinsa a ƙasa saboda ya ji abokin zamansa zai mutu. Sai ka yanke karan ka jefar, ka juye buhun, ka yayyanka saiwoyin ƙanana kamar tsawon farce, ka cakuɗa da ƙasar. Wannan cakuɗin shine maikoraizarka. A ajiye a inuwa, wuri busasshe, a yi amfani da shi cikin 'yan watanni.

Wani zai ce ai ya ga ƙulle-ƙulle a saiwar waken, ko shine? A'a, wancan na bakteriya ne masu kama naitirojin daga iska, shima alheri ne amma daban. Maikoraiza sai da madubin ɗakin bincike ake ganinsa a cikin saiwa, kai a gida sakamakonsa kawai zaka gani.

Yadda ake sa shi

Doka ɗaya ce, dole ya taɓa saiwa. Ba a barbaɗa shi a saman ƙasa rana ta gasa shi, ba a kuma zuba shi a injin feshi a fesa wa ganye, na ga masu yin haka, asara ce kawai. Lokacin da yafi dacewa shine ranar dashe ko ma tun wurin reno. In reno ne ka shimfiɗa shi kamar kaurin yatsa a ƙarƙashin inda zaka zuba iri, ka rufe da ƙasa kaɗan, saiwar farko tana fitowa ta faɗa ciki. In dashe ne, bayan tsiron ya yi ganye huɗu zuwa shida, ka haƙa rami ka zuba cikin hannu ɗaya na cakuɗin gida, ka ɗora tsiron a kai ka mayar da ƙasa ka ba da ruwa. Na leda kuma ka bi awon da suka rubuta. Tsakanin tsiro da tsiro santimita 25 zuwa 30 ga ƙaramar, babbar tana son fili fiye da haka. Wadda ta riga ta girma a tukunya ma za a iya, ka huda ramuka uku ko huɗu da tsinke mai kauri a kewayen gindin ka ɗura a ciki, sai dai bai kai na ranar dashe ba.

Toh ga inda mutane da yawa ke ɓata aikin, kuma nan ne nake so a tsaya a fahimta. In ka cika ƙasa da fosforas, ka zuba takin sufa ko DAP ko NPK 15-15-15 da yawa, shukar zata ga ba ta da bukatar abokin ciniki, me zai sa ta biya sukari akan abin da take samu kyauta a bakin ƙofa, sai ta rufe masa hanya. Ka sayi maikoraiza da tsada ka kashe amfaninsa da hannunka kenan. Kashin kaji ma yana da fosforas sosai, a yi hankali da shi. Abin da nake yi, ƙasa kashi uku, takin dabbobi da ya ruɓe sosai ya zama baƙi ba wari kashi ɗaya, shikenan. Sauran abubuwan da ke cutar da shi, maganin fumfuna da ake kwarara wa a ƙasa, yawan kaftu da juya ƙasa wanda ke tsittsinka zaruruwan, ruwa ya kwanta a gindi kwana da kwanaki, da barin kwami fayau ba shuka tsawon lokaci, don ba ya girma sai da saiwa mai rai. Sannan kabeji da danginsa ba sa hulɗa da shi sam, alayyafo ma kusan haka, in ka cire su a kwami ka sa ɗoɗɗoya to ƙasar tana da ƙarancinsa, wurin ne ma sa shi zai fi nuna bambanci.

Kar ka sa ran ganin komai a satin farko ko na biyu. Wani lokacin ma tsiron ya kan ɗan tsaya, yana ciyar da baƙo ne kafin baƙon ya fara biya. Daga sati na huɗu zuwa na takwas ake fara gani. Kuma gaskiya in ƙasarka ta lambu ce mai rai wadda dama tana da nata, ƙila ba zaka ga wani babban canji ba, inda yafi nunawa shine ƙasar buhu da tukunya, ƙasar da aka kwaso daga wurin gini, ko wadda aka gasa don kashe cuta.

Yanzu feshin ganye

Ganye yana shan abinci, wannan ba camfi bane. A shekarun 1950 masu bincike a jami'ar jihar Mishigan ta Amurka, irin su H. B. Tukey, sun yi amfani da sinadarai masu alama da na'ura ke iya bi, suka nuna abin da aka fesa a ganye yana shiga ya zagaya jikin shuka. Yana ratsa fatar ganyen, yana kuma bi ta wajen ƙananan ƙofofin numfashi waɗanda suka fi yawa a ƙarƙashin ganye. Amma abin da ganye zai iya ɗauka a feshi ɗaya kaɗan ne, in ka ƙara ƙarfin ruwan don ya ɗauki da yawa sai ya ƙone. Don haka feshi ba zai maye gurbin ƙasa mai kyau ba, kamar kunu ne da ake ba mara lafiya ya farfaɗo, ba tuwon dare ba.

Dalilin da yasa yake tafiya da maikoraiza shine, ka rage taki a ƙasa don naman gwarin ya zauna, ita kuma ɗoɗɗoya ganye ake cire mata kullum, tana bukatar naitirojin ta mayar, toh sai ka ba ta ɗan kaɗan ta sama bayan kowane tsinka. Amma a lura, takin feshi mai fosforas da yawa shima zai iya rage zaman maikoraiza, domin shukar daga abin da ke jikinta take gane ta ƙoshi, ko ta ina ya shigo. In zaka sayi na kwalba ka zaɓi wanda lambar tsakiya ƙarama ce.

Kafin ka haɗa komai ka karanta ganyen tukuna. In tsofaffin ganye na ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya har jijiyoyin, shukar kuma ba ta sauri, naitirojin ne. In tsofaffin ne amma jijiyoyin na nan kore tsakaninsu ne ya yi rawaya, maganiziyom ne. In kuma sababbin ganyen sama ne suka fito rawaya ko fari-fari da jijiya kore, sinadarin ƙarfe ne, kuma wannan ya kan faru in ƙasa ko ruwan rijiyar na da kanwa-kanwa, ƙarfen na nan a ƙasar amma ya ɗaure, shi yasa feshi yafi zubawa a gindi saurin aiki. Sannan don Allah ka juya ganyen ka duba bayansa. Akwai wata cuta mai suna Peronospora belbahrii wadda ta addabi manoman ɗoɗɗoya a Turai tun farkon shekarun 2000 ta kuma shiga Amurka ta jihar Fulorida a 2007, daga sama rawaya take yi tsakanin jijiyoyi sak kamar yunwa, amma a ƙasan ganyen zaka ga wani abu toka-toka mai duhu kamar an barbaɗa ƙura ta manne. In ka ga wannan ka ajiye injin feshi, jiƙa ganyen ƙara mata ƙarfi zai yi, ka tuge waɗanda suka kamu ka kai su nesa, ka rage cunkoso iska ta dinga ratsawa, ban ruwa kuma a gindi kawai.

Awo. Na yuriya, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tula ba, cikin lita ɗaya na ruwa, wajen giram 4 kenan. In injin goyo ne mai lita 16, giram 60 zuwa 80 ya isa, ni ba na wuce haka akan ɗoɗɗoya. Na maganiziyom, gishirin Epsom da ake samu a kemis ko shagon kayan noma, cokalin shayi ɗaya zuwa biyu a lita. Na ƙarfe ka nemi wanda aka rubuta Fe-EDTA ko makamancinsa, ka bi rubutun jiki, ka fara da rabin abin da suka ce. Kar ka haɗa su duka a tulu ɗaya don kana sauri, ƙarfin gishirin ne ke taruwa ya ƙona, ka ba da abin da ganyen ya nuna yana so kawai.

Na san wannan ne ta hanya mai ciwo. Wata rana a watan Maris na haɗa yuriya da ido ba awo, na fesa wajen ƙarfe sha ɗaya na safe don ina da fita, washegari gefen kowane ganye ya yi ruwan ƙasa ya naɗe kamar an kara masa wuta, inda ɗigon ruwa ya taru a tsinin ganye nan ne yafi ƙonewa, buhu bakwai sai da na aske su ƙasa na jira sabon toho. Tun daga ranar duk haɗin da na yi sabo sai na fesa wa tsiro biyu na jira kwana biyu, in lafiya sannan na yi wa saura.

Akwai kuma ruwan zogale, wanda shi na fi amfani da shi don yana tsakar gida. Ganyen zogale ɗanye, musamman sabon toho, yana da wani sinadarin girma da ake kira ziyatin da ɗan abinci kaɗan, kuma an daɗe ana gwada shi a matsayin feshi a ƙasashe da dama. Ka daka shi a turmi da ɗan ruwa, ka matse a ƙyalle mai laushi, ka sake tacewa don kar ya toshe bakin injin, sannan kashi ɗaya na ruwan zogalen ka sa ruwa kashi 30, wato rabin lita a lita 15. A ranar za a yi amfani da shi, in ya kwana a zafi tsami yake yi. Ba taki bane mai ƙarfi, ba zai warkar da yunwar naitirojin mai tsanani ba, amma yana da sauƙin kai, ban taɓa ganin ya ƙona ganye ba.

Abin da ba zan taɓa ba da shawara ba shine jiƙa kashin shanu ko na kaji a ruwa a fesa wa ɗoɗɗoya. Na san ana yi wa masara da sauransu, amma wannan ganye ne da ake sa wa a shayi, wasu su ci ɗanye a kwaɗo, yara na tsinka suna taunawa, ƙwayoyin cutar gudawa irin na kashi suna iya zama a jiki. In zaka yi ruwan taki ka zuba a gindi, ganye kuma a bar shi da tsafta.

Lokacin feshi da yadda ake yi

Ganye yana sha ne muddin ɗigon na jiƙe, da ya bushe shan ya tsaya sai gishiri ya rage a kai. Shi yasa tsakar rana haramun ne a wannan aiki. Da rani da bazara, iska a bushe, na fi son yamma bayan la'asar sakaliya in rana ta yi sanyi, ko da sassafe bayan asuba. Da damina kuwa, musamman Agusta, safe kawai, don ganyen ya bushe kafin dare, in ya kwana a jiƙe cuta kake gayyata, kuma ka duba sama, in hadari ya haɗu bari sai gobe. Lokacin hunturu ƙura na rufe ganye, sai ka wanke shi da ruwa zalla yau, gobe ka yi feshin. Ɗoɗɗoya ba ta son sanyi, in dare ya sauka kusa da digiri 10 girmanta tsayawa yake yi ganye har ya yi baƙi-baƙi, a irin wannan satin ba yunwa bace, kar ka dame ta da taki. Haka shukar da ta yi yaushi don ƙishi, a ba ta ruwa a gindi ta miƙe tukuna.

Ruwan sama shine mafi kyau wajen haɗi. Na famfo a tara a bokiti ya kwana. Ka saita bakin injin ya dinga fitar da hazo-hazo ba tsartuwa ba, ka juya shi sama ka bi ƙarƙashin ganye sannan ka dawo saman, da ka ga ya jiƙe yana shirin ɗiga ka wuce gaba. Ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun ruwa mara ƙarfi a lita yana sa ruwan ya baje maimakon ya dunƙule, amma ban da omo. Kuma injin da aka taɓa zuba maganin ciyawa a ciki kar ya kusanci ɗoɗɗoya ko an wanke, ka sayi 'yar kwalbar feshi ta lita ɗaya ko biyu ka ware mata.

Tsarin da nake bi, ba na fara feshi sai sati biyu bayan dashe. In ta kai tsawon santimita 15 zuwa 20 na datse kan sama daidai saman ganye biyu masu kallon juna, daga nan rassa biyu ke fitowa. Duk tsinka bayan haka, na tsinka tukuna, washegari na yi feshi, sannan ba na sake cire ganye sai bayan sati ɗaya, a wanke kuma kafin a ci. Kusan duk sati biyu kenan, sau ɗaya zogale, sau ɗaya yuriya in ganyen ya nuna yana so, in yana kore lafiya ba na sa yuriya sam. Yawan naitirojin shi ke ba da ganye faffaɗa mai ruwa-ruwa mara ƙamshi wanda ƙwari ke so, kuma mai saye a kasuwa hanci yake sa wa kafin ya duba girma. Fure kuma da ya leƙo a cire, in ta yi fure ganye ya kan ragu ya yi ɗaci, sai gindi ɗaya ko biyu da zaka bari don iri.

In kana so ka san ko abin na aiki a ƙasarka, kar ka yi wa duka abu ɗaya. Ka jera buhu goma sha biyu, ƙasa ɗaya, iri ɗaya, rana ɗaya, ruwa ɗaya. Uku ba komai, uku maikoraiza kaɗai, uku feshi kaɗai, uku duka biyun. Ka rubuta a jikin kowane buhu da maka, ka cakuɗa jerinsu kar rukuni ɗaya ya kwashe inuwar katanga, kuma ka ɗora su akan bulo ko leda don saiwa kar ta huda ta shiga ƙasan gida. Wajen dashe ka fara da waɗanda ba a sa wa maikoraiza ba, ka wanke hannu da abin haƙa kafin ka koma kansu daga baya. Duk tsinka ka auna ganyen kowane rukuni a sikelin kicin ka rubuta a littafi, ka ba mutanen gida su murza su shinshina ba tare da ka gaya musu wanne ne wanne ba. Sannan a sati na takwas ka hana su ruwa kwana biyu ka ga wanne ya fara sunkuyar da kai, wanne kuma ya fara miƙewa bayan ka ba da ruwan. Buhun da ya fi kyau, in kakar ta ƙare kar ka zubar da ƙasarsa, ka yanke ɗoɗɗoyar daga sama ka bar saiwar a ciki, ka dasa sabuwa a gefenta.